Muryar da ke zuwa bayan La'asar

Ni ne admin na guruf ɗin 'yan ajinmu na firamare, kuma ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba. An ba ni ne don ni kaɗai ke zaune wuri ɗaya. Tela ne ni, shagona yana kan hanyar da ke gangarawa rijiyar Kusugu a nan Daura, daga safe zuwa Magariba ƙafata na kan keke, wayata na jone da caji a gefen almakashi. Sauran sun watse, wasu Katsina, wasu Kano, matan suna gidajen mazajensu, ɗaya ma yana can kudu yana sayar da albasa. Guruf ɗin ya yi mana rana. A nan muke jin haihuwa da rasuwa, a nan ake tuna wa mutum ranar da malamin lissafi ya tsula masa bulala har ya jiƙa wando, alhali mutumin yanzu yana da furfura da surukai.

A cikinmu akwai aminina, dillalin tumaki da awaki, ɗan Sandamu. A gidan kawunsa nan Daura ya yi karatu, benci ɗaya muka zauna, in an yi hutu kuma ni ke bin sa ƙauye, har mahaifiyarsa ta san malmalar tuwo nawa ke isata. Mutum ne mai murya. Dillanci ya buɗe masa maƙogwaro, in yana ciniki a bakin kasuwar dabbobi sai ka ji shi daga wurin masu gishiri. Ba shi da haƙurin rubutu a waya. Danna makirfo yake yi ya yi ta zuba, awaki na kuka a bayansa.

Da kakar zaɓe ta zo sai muka sha bamban. Ni ba ɗan siyasa ba ne, sau ɗaya na faɗi wanda zan zaɓa, shi ke nan na ja wa kaina. Kowane saƙon muryarsa da ni yake buɗewa: "Tela! Kai Tela, ina ka shiga?" Daga nan ya kira ni munafuki, ya ce an saye ni da yadin shadda. Da a kaina kaɗai ya tsaya da sauƙi. Amma sai ya gangara kan mutane, ya kama sunan wani dattijo a garinmu ya ce shi ya karkatar da takin manoma, ya ce wance da ke yi wa ɓangarenmu yawon gida-gida ba a banza take shiga motar 'yan siyasa ba. Abubuwan da bai gani da idonsa ba, a majalisa ya tsinto su. Ni kuwa ina da zuciya, na sani. Akwai ranar da na gama saurarensa na yanka hannun rigar mutane a karkace.

Sai na kafa doka. Na rubuta cewa guruf ɗin nan na zumunci ne, duk wanda ya sake kawo siyasa zan cire shi sai bayan zaɓe. Tun kafin in ajiye wayar ya turo wata muryar. Na cire shi. Ya koma turo min ni kaɗai, na goge ban saurara ba.

Ranar kasuwa sai ga shi a ƙofar shago, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ni ka kora, Tela? Ni? A gaban mata?"

"Ban kore ka ba," na ce, ban ɗaga kai daga keke ba. "Ga benci nan. Zauna ka zage ni har Magariba, in sa a dama maka fura. Amma a waya ba za ka ƙara zagina ba, ba kuma za ka zagi kowa a gabana ba."

Ya zauna kuwa, ya zage ni, ya sha furar, ya ce sukari bai ji ba. Haka muka yi har aka gama zaɓe. A shago mu yi musu kamar za mu daki juna, in an kira salla mu ɗauki buta ɗaya. A waya kuwa ba abin da ke haɗa mu sai ɗan rubutun "ka iso?" da "ina hanya". Bayan zaɓe na mayar da shi guruf. Ban taɓa nadamar wannan dokar ba, ita ce ta riƙe mana abotarmu. Na san mutanen da a wannan shekarar suka daina gaisawa da 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya.

Farkon damina zazzaɓi ya kama shi, bai daɗe a kwance ba ya rasu. Ina cikin waɗanda suka saka shi a kabari. Ɗan takarar da ya yi ta tsage maƙogwaro dominsa ko ɗan aike bai turo gaisuwa ba, nawa ɗan takarar ma ban sa rai zai zo tawa jana'izar ba. Muka yi abin da aka saba yi a guruf in an yi rashi: na cire hoton tsohuwar makarantarmu na sa hotonsa, sanye da farar riga ɗinkin hannuna, yana dariya. Lambarsa kuma aka bar ta. Ba a cire mamaci daga guruf, ba wanda ya kafa wannan dokar, amma ba wanda hannunsa zai iya.

An yi sadakar arba'in, mutane sun fara komawa barkwancinsu. Wata rana bayan La'asar hadari ya haɗo, an ɗauke wuta, ina zaune bakin ƙofa ina ɗaura maɓalli da hannu. Wani dattijo yana kan benci yana jiran rigarsa. Wayar ta motsa. Na duba, sai na ga sunan aminina a guruf, da saƙon murya a ƙasansa, da lokacin da muke ciki. Hannuna ya riga tunanina, na danna.

"Tela! Kai Tela, ina ka shiga?"

Allurar ta shige min yatsa ban ji ba. Ga awakin nan suna kuka a bayansa, ga ɗan tarin da yake yi kafin ya fara zagi. Dattijon ya san shi, tare muka yi masa salla. Ya miƙe a hankali, ya zura takalmansa, ya tafi, rigar ma sai bayan kwanaki ya aiko aka karɓa. Na zauna ina sauraren mutumin da na zuba wa ƙasa da hannuna yana kira na munafuki, iskar hadari na kaɗa labulen shago. Na ji tsoro ƙwarai. Na san tsohuwar murya ce, na san wani ne ya turo, amma sanin bai rage min tsoron ba.

Na leƙa guruf. Can wata ta rubuta innalillahi, sauran suka biyo ta. Na kira lambar, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira ƙanensa da ke riƙe da gidan yanzu. Ya rantse min wayar tana ɗakin mahaifiyarsu, cikin kwalla, an bar mata ne don ƙanwarsu da ke aure a Kano ta riƙa kira tana ganin fuskarta, ita ce ma ke zuba mata data. In kiran ya shigo matar ƙanen ce ke ɗauka ta miƙa wa tsohuwar.

"Ko yara ne ke wasa da ita?"

"Yara ba sa shiga ɗakin Inna. Ita kuwa ka san ta da shi. Ko rigarsa ba ta yarda an bar mata ba."

Na san ta da shi. Shi ne ɗanta na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun muna yara ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" take cewa, in da ni take magana ta ce "abokinka". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama su yi hira. In ya shigo gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa tana kallon bango, ni kuma ta tsare ni da tambayar mutanen gidanmu. Ranar rasuwarsa mata suka cika gidan da kuka, ita tana zaune da carbi, idonta a bushe, tana ba masu gaisuwa haƙuri kamar ɗan maƙwabta ne ya mutu.

Washegari bayan La'asar wata muryar ta shigo. Jibi ma haka. Wani lokaci a yi fashin kwana ɗaya, amma ba ta taɓa zuwa da safe ba, ba ta taɓa zuwa bayan Magariba ba. Na koma da na sallame La'asar sai in ɗauko wayar. In buɗe lambarsa in ga an nuna yana kan layi, ga hotonsa, kamar yanzu zai ce "ina hanya". Rannan na daure na rubuta masa, "Waye?" Ina kallo alamar ta nuna an buɗe. Na jira. Ba a amsa ba, sai wata muryar da ta faɗo guruf, tana tambayata ina na shiga.

Mutane suka fara ficewa. Wata ta ce ta daina kwana da waya a ɗaki. Amma 'yan ɓangarensa abin ya yi musu daɗi, suka riƙa kwashe muryoyin suna watsawa wasu guruf-guruf, wai ko a kabari mutuminsu yana kan gaskiya. Na je tasha karɓar saƙon yadi daga Kano, sai na ji shi yana tashi daga wayar wani ɗan acaɓa, yana kiran sunan dattijon nan da maganar taki, samari sun kewaye suna dariya. Ba wanda ya san shi a cikinsu.

Akwai ɗan ajinmu da ke koyarwa a Islamiyya, shi ya tako har shago. Ya zauna kan benci ya ce da ni a hankali, "Ka san yadda rijiya ko bishiyar da mutum ya bari ke ci gaba da kai masa lada bayan ransa. To ƙazafi ma haka yake bin mai shi. Duk kunnen da maganar nan ta shiga, ina ji masa tsoro. Shi ba zai iya tashi ya janye ta ba. Kai ne admin, kai ne amininsa."

Wannan ya fi muryar tayar min da hankali. Mutumin nan yana da baki, amma bai taɓa cin haƙƙin akuyar kowa ba, ga shi yanzu yana kwance ana ƙara masa kaya kullum. Cire lambar kaɗai ba zai wadatar ba, tunda wanda ke riƙe da wayar zai iya turawa wani wurin. Na yanke shawarar in je Sandamu ba tare da na gaya wa kowa ba, in kama mai yi, in goge muryoyin kaf. Kuma na tafi da fushina, don na riga na ɗauka wani ɗan iskan ɗan siyasa ne ke lallaɓawa gidan.

Na rufe shago bayan Azahar na hau babur. Gero ya yi tsawo har ya rufe gefen hanya. Na yi La'asar a masallacin unguwarsu, na ɗan jinkirta, sannan na nufi gidan. Maza duk suna gona. Matan gidan na gamu da su a hanya da hijabai da jakunkunan littattafai, sun tafi Islamiyyar matan aure, yara na biye da su. Na tsaya a zaure na yi sallama. Shiru, sai kaji. Na sake yi. A daidai nan wayar ta motsa a aljihuna, kuma daga can cikin gidan, bayan rumbu, na ji an ce, "Tela! Kai Tela, ina ka shiga?"

Ban san tsawon tsayuwar da na yi a zauren nan ba. A nan muke shimfiɗa tabarma da shi muna yara. Na karanta abin da ya zo bakina, na kutsa kai, tunda gidan ba baƙona ba ne. Tsakar gida ba kowa, turmi a kife, igiyar shanya da zannuwa. Muryar daga ɗakin Inna take fitowa. Asabarin a ɗage yake kaɗan, na hango ta zaune kan buzun salla, ta ba ƙofa baya, ta riƙe wayar da hannu biyu kusa da fuskarta, tana kallo.

Na ja da baya na yi gyaran murya, na yi sallama da ƙarfi. Na ji motsi. Da ta ce in shigo, hannayenta na kan cinya, wayar ta shige ƙarƙashin hijabi. Sai dai ba ta san yadda ake kashewa ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai ne da yamma haka? Ya mutanen gidan?"

"Suna lafiya, suna gaishe ki. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ya ruwa a wajenku?"

Muka yi ta gaisawa, ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ciwon ƙafar mahaifiyata. Duk wannan lokacin ɗanta yana ƙarƙashin hijabinta yana cewa an saye ni da yadin shadda. Ba ta nuna ta ji ba, ni ma ban nuna ba. Na kafa idona kan tabarma har ya yi tarinsa na ƙarshe ya yi shiru. Fushin da na ɗauko daga Daura na neme shi na rasa.

Can ta ce, tana kallon bango, "Wayar yarinyar nan ce. Wani lokaci sai ta kama surutu ita kaɗai."

"Suna yin haka, Inna. Kawo in duba miki."

Ta ɗan jima kafin ta zaro ta. Da na buɗe na gane komai. Wataƙila ta taɓa ganin matar ƙanensa ta kunna, ta riƙe a ranta. Amma yatsanta ya yi kaushi, idonta ya yi rauni, maimakon alamar kunnawa sai ta dangwali 'yar kibiyar da ke gefe, ta turawa. Da ta taɓa sai jerin mutane ya fito, a can sama kuwa ga guruf ɗinmu da hoton da na sa, fuskar ɗanta yana dariya. Me za ta taɓa in ba shi ba? Ta taɓa fuskar, ta taɓa koren maɓallin da ya fito, muryar ta sake bayyana, ta danna har ta yi magana. A wurinta haka ake kunnawa. Ba ta san akwai wani mahaluƙi da ke ji ba bayan ita.

Da na gaya mata cewa mutane daga nan har kudu sun ji abin da take yi in gida ya watse, da na kashe ta da kunya. Gogewa kuma ba zan iya ba, don na duba wayar ko akwai wata muryarsa ta daban, ta gaisuwa ko ta dariya, babu. A tawa ma babu, hirarmu ta kirki duk a kan benci muka yi ta. Abin da ya rage na muryarsa a duniya wannan faɗan ne kaɗai.

"Ta lalace ne?" ta tambaya.

"A'a, ɗan gyara ne."

Ta ja carbi, ta ja, sannan ta ce da muryar da da ƙyar na ji, "Akwai wani hoto da yake fitowa. In ba zai hana gyaran ba, a bar shi."

Na ce to. Ina durƙushe a nan na zaro tawa wayar na buɗe sabon guruf, mutum biyu kacal, ni da lambarsa, na sa masa wannan hoton. Na kwashe muryoyin daga wayarta na zuba a ciki. Sannan na shiga guruf ɗin ajinmu na cire shi, karo na biyu, wayar ta rubuta wa kowa cewa ni na cire shi. Na share tsohon guruf ɗin daga wayarta, na gwada hanyarta da kaina, kibiya, fuska, koren maɓalli. Aljihuna ya motsa. Na miƙa mata da hannu biyu na ce ta gyaru. Ta tura ta ƙarƙashin buzu ba ta duba ba, ta ce in tsaya a dafa min ƙwai.

'Yan ajinmu na gaya musu matsalar waya ce an gyara, na roƙi duk wanda ke da muryoyin ya goge don Allah, ya roƙi wanda ya tura wa. Wasu sun goge. Wasu sun ce na ci amanar mamaci saboda siyasa, akwai wanda har yau ba ya kawo min ɗinki. Na je gidan dattijon da ya yi wa ƙazafin taki da gidan matar da ya ambata na nema masa gafara, dattijon ya yafe nan take, matar sai da na koma.

Yanzu ni kaɗai yake zuwa wa. In na dawo daga La'asar nakan rage ƙarar wayar in ajiye ta kusa da keke. In ta motsa in kara a kunne in saurara har ƙarshe, don kada ya yi ta kira ba mai amsawa. In ya gama in ce na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, in ci gaba da ɗinkina. Amma ba muryar ke ba ni tsoro ba yanzu. Inna ta tsufa ƙwarai bana. Ranar da rana ta yi ja wayar ba ta motsa ba, ba na iya zura zare a allura, sai in rufe shago in hau babur in kama hanyar Sandamu.